Yadda za ka yi gardamar fina-finan Marvel da buɗe sinima lokacin korona ba tare da ka sha ƙasa ba

Gardama biyu ce mutane ke cakuɗawa wuri guda, kuma duk wanda ya bari aka cakuɗa masa su, an kayar da shi tun shayi bai huce ba. Ta farko: fina-finan gagararrun jaruman nan masu tashi sama suna jifa da motoci, fim ne na kirki ko hayaniya ce zalla? Ta biyu: lokacin korona, a buɗe gidajen sinima ko a bar su a garƙame? Ni raba su nake fara yi. Idan wani ya ce ai fim ɗin bai kai a mutu saboda shi ba, sai in ce, "Malam, dakata. Cutar ba ta san abin da ake haskawa ba."

A kan ta farko, ka san inda maganar ta yi tsami. A Oktoban 2019 ne darakta Martin Scorsese ya faɗa wa mujallar Empire cewa fina-finan Marvel sun fi kama da filin wasa mai lilo. Yawancin masu gardama nan suka tsaya. Amma a rubutun da ya yi a New York Times wata guda bayan haka, ya fito da ainihin kukansa: waɗannan fina-finan sun mamaye gidajen kallo, ƙananan fina-finai sun rasa wurin shiga. Saboda haka kada ka kuskura ka kare kanka da cewa Avengers: Endgame ya tara kusan dala biliyan 2.8, don hujjarsa kake ƙara wa nauyi. Kawo abin da idonka ya gani. Ni Black Panther na 2018 nake kawowa, domin bos ɗin fim ɗin yana da hujjar da shi kansa jarumin bai iya watsarwa ba.

Ta biyun ce mai nauyi, kuma makaminka a nan tambaya ɗaya ce: wane wata kake nufi? Sinimar Agustan 2020 daban, ta Disamban 2021 daban. Lokacin da aka saki fim ɗin Tenet, wanda ba na Marvel ba ne, a ƙarshen Agustan 2020 ba a fara yi wa jama'a rigakafi a Turai da Amurka ba, sai 8 ga Disamba Birtaniya ta fara. Gidajen kallo na birnin New York da Los Angeles ma a rufe suke, fim ɗin ya tsaya a wajen dala miliyan 365. Spider-Man: No Way Home kuwa, da ya fito a Disamban 2021 bayan rigakafi ya yaɗu, ya tara wajen dala biliyan 1.9. Wanda ya ɗauki nasarar na biyun ya ce ashe tsoron 2020 na banza ne, ka tuna masa da wata goma sha shida da ke tsakani.

Daga nan ka shigar da shi cikin zauren. Ka ba shi haƙƙinsa: 'yan kallo shiru suke yi, fuskokinsu na kallon gefe guda, rufin da tsawo. Sai ka ɗora naka. Awa biyu da wani abu ne a rufaffen ɗaki, cutar kuma iska take bi, ga na kusa da kai ya sauke takunkumi zuwa haɓa yana tauna gugguru tun daga talla har ƙarshen fim. Da ƙasar Sin ta sake buɗe gidajen sinimarta a Yulin 2020, kashi 30 cikin ɗari na kujeru kawai aka yarda a sayar, aka kuma hana ciye-ciye. Tambaye shi ko da wannan sharaɗin yake nufi.

Zai kawo maganar ma'aikata, mai yankar tikiti da mai shara. Kada ka yi masa dariya, gaskiya ce. Sai dai buɗe ƙofa bai cece su ba: a Oktoban 2020, da aka sake ɗage fim ɗin James Bond, kamfanin Cineworld ya rufe gidajen sinimarsa na Birtaniya da Amurka, abin ya shafi ma'aikata 45,000. Ra'ayina, kafin rigakafi tallafi ya fi dacewa da su, ba zaure mai mutum goma ba.

Kai ma fa kada ka zaƙe har ka ce kowa ya kalla a gida, ba wanda ya yi asara. Za a jefo maka Black Widow: kamfanin Disney ya sake shi a sinima da Disney+, manhajarsa ta kallo a gida, rana guda a Yulin 2021, jarumar fim ɗin Scarlett Johansson ta maka kamfanin a kotu kan kuɗinta da ke rataye da cinikin tikiti, sai a ƙarshen Satumba suka sasanta.