Yadda za ki rubuta labarin yarinyar da mutuwa ta watsa gidansu

Yawancin labaran da nake karantawa a Wattpad da guruf ɗin WhatsApp in aka zo mutuwar uba, shafi ɗaya ne na ihu da suma a yayyafa ruwa, shafi na gaba har wani mai kuɗi ya faka mota ya ce yana son marainiyar. Dan Allah 'yar uwa in matasa za ki rubuta wa labarin rashi, ki ba rashin nan haƙƙinsa.

Ki fara daga ranar da aka naɗe tabarmi. Ranar rasuwa gida cike yake, an kai mamaci kafin la'asar, ana ta shigowa ana ya haƙuri ya haƙuri, maƙwabta na aiko da abinci, yarinya 'yar shekara 16 ba ta ma samu sararin jin komai ba. Sai bayan sadakar bakwai, baƙi sun watse an mayar da kwanukan aro, da magariba ta ji sallama a zaure ta miƙe da sauri za ta karɓo ledar Baba, sai a tsakar gida ta tuna. Irin wannan za ki nuna mana, da hularsa da har yanzu take rataye a ƙusa, da lambarsa da ta kasa gogewa a waya.

Sannan ki san hukuncin kafin ki rubuta, don nan ne ake yawan kwafsawa. Takaba wata 4 da kwana 10 ce, ki ɗauke ta a matsayin tsawon labarin, Umma na ɗaki ba ado, kowa ya san tana fita komai zai canza. A gado matar mamaci mai 'ya'ya tumuni take samu, wato kashi ɗaya cikin takwas, in su biyu ne su raba tumunin nan, namiji kuma rabon mata biyu. To in gida ɗaya ya bari fa? Ana iya sayarwa ko a yanka shi, daga nan Umma ta koma gidan iyayenta, baffa ya kwashi mazan, ita yarinyar a ba gwaggo riƙonta, in Umma ta sake aure autan ya bi ta ya zama agola. Kuma kar ki mayar da kishiyar uwa mayya don ki samu mugu a labari, 'yan uban nan su ma ubansu ne ya mutu.

Ƙawance kuwa abin da zai ɓata shi ya zama ƙarami. Aminiyarta ba ta zo gaisuwa ba sai rana ta huɗu, shi kenan gaba ta shiga, duk da su biyun sun karanta a islamiyya cewa ba a ƙaurace wa juna sama da kwana 3, abin na cin su. Ki ba ƙawar nata dalilin, wataƙila ba ta taɓa shiga gidan mutuwa ba tsoro ne ya riƙe ta. Shirin ma kar ya zo a "ki yafe min" guda ɗaya da rungume juna, a hankali ne, ƙawar ta kwafe mata darussan da suka wuce ta saboda WAEC ta ajiye littafin a benci ba magana, waccan ta yi sati ba ta buɗe ba.

Ki bar yarinyar ta yi kuka ba tare da wani ya hau ta da wa'azi ba, Annabi (SAW) kansa ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu.

In gajere za ki yi, irin na gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016, ki zaɓi abu ɗaya kawai, ko rabon gidan ko gabar. Kafin ki saki kuma ki ba wadda ta taɓa rasa uwa ko uba ta karanta, amma ki fara tambayarta ko za ta iya.