Yadda Ɗalibin Jami'a Zai Gudanar da Bincike kan Gurɓatar Ruwa a Birnin Kano

Ɗalibin da ke shirin rubuta kundin digiri a fannin muhalli, a Jami'ar Bayero ko wata jami'a ta Kano, ba ya bukatar yin nisa kafin ya sami abin bincike. Dagwalon masana'antun Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, wanda ke kwashe ƙazantar cikin gari ya nufi dam ɗin Wasai da ke Minjibir, na Sharaɗa kuma yana bin Salanta ya faɗa kogin Challawa. A bakin waɗannan rafuka ne masu noman rani ke shayar da latas da alayyafo da kabeji da ake kaiwa kasuwannin gari.

Abu na farko shi ne ka taƙaita tambayarka. Batu kamar "gurɓatar muhalli a Kano" ya fi ƙarfin kundi guda, kuma wanda ya ɗauko shi yakan ƙare da kwafo abin da wasu suka rubuta. Ya fi dacewa ka tambayi yawan sinadarin kuromiyam da ke cikin ruwa da ƙasa da ganye a wani yanki na Salanta, da kuma su wane ne ke shan wannan ruwa ko cin wannan ganye. An zaɓi kuromiyam ne domin da gishirinsa kamfanonin jima ke sarrafa fata. Kashi na biyu na tambayar, wato su wa abin ya shafa, shi ne ɓangaren adalci, kuma a ganina shi ne kundaye da yawa ke tsallakewa, alhali mai kamfani ba a bakin rafin yake kwana ba.

Kafin ka ɗebi ko kofi ɗaya na ruwa, ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na jami'arka, ka karɓi takardar gabatarwa daga sashenku, sannan ka je ka gaida mai unguwa ko dagaci ka bayyana masa abin da ke tafe da kai. Manomi da ya ga baƙo da kwalabe a lambunsa zai ɗauka ma'aikacin gwamnati ne ya zo hana shi noma, kuma daga nan ba za ka ƙara jin gaskiya daga bakinsa ba.

Wajen ɗibar samfuri ne yawancin aikin ke gyaruwa ko ya lalace. Ka ɗiba a saman inda dagwalo ke zubowa, da daidai wurin, da wurare da dama a ƙasa da shi, domin in babu na sama ba ka da abin kwatantawa. Ka yi haka da rani da kuma damina, saboda ruwan sama yana tsinka dagwalo, kuma wanda ya auna a watan Agusta kaɗai zai ga ruwan ya fi yadda yake a watan Maris tsabta, lokacin da manoma suka fi dogara da shi. Samfurin da za a nemi ƙarafa irin su kuromiyam da dalma a cikinsa ana zuba shi a robar da aka wanke da asid, a ɗiga masa asid ɗin naitirik har ma'aunin tsamin ruwa, wato pH, ya sauka ƙasa da 2, a sa shi cikin kula mai ƙanƙara. Na gwajin ƙwayoyin cuta kuwa ba a sa masa asid, kuma dole ya isa ɗakin gwaji a ranar. Ka rubuta kwanan wata da sa'a da alamar GPS ta kowane wuri. Kada ka manta da laka da ƙasar lambu, domin ƙarafa suna kwantawa a cikinsu su daɗe bayan ruwan ya wuce. Tun da wuri ka tabbatar na'urar auna yawan ƙarafa, wato AAS, da za ka yi amfani da ita tana aiki, ka kuma san kuɗin kowane gwaji, don shi zai yanke yawan samfurin da za ka iya ɗiba.

Idan sakamako ya fito, ka kula da ma'aunin da kake kwatanta shi da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a miligiram 0.01 cikin kowace lita, kuromiyam kuma 0.05. Ruwan ban-ruwa ma'auninsa daban ne, inda Hukumar Abinci da Noma ta Duniya ta sa kuromiyam a 0.1. Ruwan rijiya da na burtsatse a auna su da na sha, na lambu da na ban-ruwa, ganye kuma da ma'aunin abinci. Haka nan kada ka ɗora laifi kan wani kamfani da suna alhali magudana guda ce ke ɗauke da dagwalon kamfanoni da yawa.

Alƙaluman ɗakin gwaji su tafi tare da hira da mutane. Ka tambayi manoma dalilin amfani da wannan ruwa, ka ji ko suna da wani, ka tambayi magidanta nawa suke kashewa wajen 'yan ga-ruwa. Matan gida su ne suka fi sanin ruwan da ake girki da wanki da shi, don haka ka nemi ɗaliba ta shiga gidaje ta yi wannan hira. Sannan ka duba abin da dokar tantance tasirin ayyuka kan muhalli ta 1992 da ƙa'idojin NESREA, hukumar tabbatar da bin dokokin muhalli ta ƙasa wadda aka kafa a 2007, suka tanada, ka gwada da abin da ka gani a fili.

Bayan ka kare kundin a gaban malamai, ka rubuta taƙaitaccen bayani da Hausa mai sauƙi, shafi ɗaya ko biyu, ka kai wa mai unguwa da manoman da suka ba ka haɗin kai, ka miƙa kwafi ga Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano. Ka sakaya sunayen waɗanda ka yi hira da su, kuma shawarar da za ka bayar ta fara da tace dagwalo tun daga cikin masana'anta, domin hana manomi ruwan ba tare da samar masa wani ba raba shi da abincinsa ne kawai.