Yadda Maginin Manhajar Kwamfuta Zai Koma Gina ta Wayar Salula

Duk wanda ya saba gina manhaja don kwamfutar tebur, idan zai koma wayar salula, abu na farko da zai cire daga ransa shi ne tunanin cewa manhajarsa za ta ci gaba da aiki har sai mai ita ya rufe ta. A waya babbar manhaja, wato Android ko iOS, ita ce ke da wuƙa da nama. Mutum yana tsakiyar cike fom sai kira ya shigo, manhajarka ta koma bayan fage, idan kuma ma'adanar waya, wato RAM, ta cika sai a kashe ta babu ko sallama. Saboda haka ka riƙa adana abin da mutum ya shigar tun lokacin da ya bar shafin, domin idan ya dawo ya tarar da aikinsa inda ya bar shi. A Android, juya wayar a kwance kaɗai kan sa a rushe shafin da ke buɗe a sake gina shi, don haka gwajinka na farko ke nan: cike rabin fom, juya wayar, ka duba abin da ya ɓace.

Sai batun yatsa, wanda ba shi da tsinin linzamin kwamfuta. Google ta ba da shawarar kada faɗi da tsawon maɓalli su gaza 48dp (dp ma'aunin girman abu ne a fuskar waya), Apple kuma ta ce maki 44 a nata ma'aunin. Ka kuma tuna cewa allon rubutu idan ya fito yakan cinye kusan rabin fuskar waya, sau da yawa ya rufe maɓallin aikawa, kuskuren da har ƙwararru ke faɗawa cikinsa.

Batir da sabis ba abin dogaro ba ne, don haka ka tsara manhajar ta jure yankewar intanet, ka kuma kawar da aiki mai nauyi daga zaren da ke kula da allo, wato layin aikin manhajar da ke amsa taɓi, domin idan ta yi daƙiƙa 5 ba ta amsa taɓi ba, Android za ta tambayi mai wayar ko ya rufe ta. Tun daga Android 6.0 a 2015, izinin kamara ko na sanin wuri ana neman sa ne lokacin da buƙata ta taso, kuma mutum yana iya hanawa.

Wajen kayan aiki, yaren rubuta manhaja Kotlin da manhajar gini Android Studio ne na Android, yaren Swift da manhajar gini Xcode na iPhone, sai dai Xcode a kan Mac kawai yake aiki. Apple tana karɓar dala 99 duk shekara, Google dala 25 sau ɗaya, kuma dukansu sai sun duba manhaja kafin ta fito, ke nan gyaran gaggawa ba ya isa ga jama'a nan take. Kafin ka miƙa musu, gwada ta a kan tsohuwar waya mai ƙaramar ma'adana, ba a kwaikwayon waya da ke cikin kwamfutarka kaɗai ba.