Yadda ake zuwa kallon wasan ban tausayi a dandalin Efidaurus

Sau uku ina kai baƙi Efidaurus daga Atina, kuma duk wanda ya dawo yana ƙorafi, kan zama ne ko kan makara, ba kan wasan ba. Dandalin wasan kwaikwayon nan na ƙasar Girka an gina shi tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana ɗaukar mutum kusan 14,000, kuma tun 1955 ake bikin wasanni a cikinsa kowace bazara, daren Juma'a da Asabar, a watannin Yuli da Agusta.

Fara da sanin labarin. Idan wasan Antigone na Sofokilis, marubucin Girka na zamanin da, za a yi, karanta taƙaitaccen labarin tun a gida: yarinya ce ta binne ɗan'uwanta duk da sarki ya hana, ta rasa ranta a kan haka. Yawanci da Girkanci ake wasan, fassarar Turanci tana fitowa a allo a gefe. Wanda bai san labari ba idonsa zai ƙare a allo, 'yan amshi su yi ta kai da komowa a fili bai gan su ba.

Sai hanya, kuma nan ne na taɓa shan wahala. Efidaurus ba ɗaya ba ce. Akwai ƙauyen Palaya Efidaurus a bakin teku, mai ɗan ƙaramin dandali nasa, shi kuwa babban dandalin yana cikin tsauni kusa da garin Liguriyo, a harabar wurin bautar Askilefiyos, abin bautar waraka na Girkawan da. Zuwana na farko na bi taswirar waya ido rufe, sai ga ni a bakin ruwa, saura minti arba'in a fara. Na juyo na tarar da jerin motoci, na isa an riga an fara, aka tsayar da ni a ƙofa. Har yau abin yana mini ciwo. Don haka rubuta sunan babban dandalin a wayarka, ka bar Atina ƙarfe huɗu na yamma. Tafiyar awa biyu ce, wasa ƙarfe tara, amma daga inda ake ajiye mota zuwa wurin zamanka akwai hawa. In za ka iya, kwana a garin Nafiliyo, kilomita 30 ne kawai, kuɗin ɗakin ya fi tuƙin tsakar dare sauƙi.

Magariba tana faɗuwa dab da farawa, sai ka tsara sallarka tun kafin ka shiga.

Kada ka ɓata kuɗi a layin gaba. Layuka 55 ne, ni dai na sama nake saye, sun fi araha, murya tana isa har can sarai, ga duwatsu da itatuwa a gabanka rana tana faɗuwa. Wurin zaman dutse ne, babu majingina, kuma ya sha rana yini guda. Tafi da matashin zama, wannan dole ne. Mata su bar takalmi mai tsini a gida, an hana shi. Ruwa kawai za ka shiga da shi.

Kashe waya ɗungurungum, don ƙarar da ta fita a wurin nan kowa zai ji. Babu hutun rabin lokaci, ka zaga tun da wuri. Ɗauki rigar sanyi mara nauyi, in an tashi kuma ka ɗan zauna cunkoso ya ragu kafin ka sauko.