Yadda za ka zaɓa wa kowane kwastoma iyakarsa a shafin ofishinku na zuba jari

Idan sana'arka ba mutane shawara ce kan kuɗinsu, hannun jari ne ko sukuk (takardun zuba jari na tsarin Musulunci) ko asusun haɗaka (inda ake haɗa kuɗin mutane da yawa a juya musu), to bayan ka buɗe wa kwastoma asusu a shafin intanet na ofishinku akwai inda za a tambaye ka me da me za a bar shi ya yi. A nan ne da yawa suke danna komai su wuce don kar a dame su da kira. Don Allah kar ka yi haka.

Sunayen sun bambanta daga manhaja zuwa manhaja amma duk kusan hawa huɗu ne. Akwai kallo kawai, mutum ya ga abin da yake da shi da ribar da ta shigo, ya sauke sitetimen. Sai mai iya ɗora takardu da gyara bayanai. Sai mai ba da umarnin a saya ko a sayar. Na can sama shi ne mai neman a fitar da kuɗi ko a canza asusun banki.

Da farko zauna da mai dukiyar kafin ka taɓa kwamfuta. Ka tambaye shi kai tsaye, Alhaji da kanka za ka riƙa shiga ko akwai mai shigar maka? Yawanci a nan gaskiya take fitowa, sai ka ji wayar ma a hannun babban ɗansa take, ko yaron shago ne yake karanta masa saƙo, lambar OTP na shigowa shi ake miƙa wa ya karanto da ƙarfi mutane cike da shago. Kenan duk izinin da ka ba Alhaji yaron ka ba.

Daga nan ka duba yarjejeniyar da kuka sa wa hannu. In ya ba ka wuƙa da nama ka juya kuɗin yadda ka ga ya dace, kallo da sauke takardu sun ishe shi. In kuma shawara kawai kake bayarwa shi ke yanke hukunci, dole ka buɗe masa na ba da umarni.

Sai maganar iyali, kuma ita ce ta fi cin rai. Uwargida na son gani, ɗa na son gani, akanta na neman takardun haraji. Kowa a buɗe masa tasa ƙofar da imel ɗinsa da lambar wayarsa, ba wai a raba kalmar sirri ɗaya ba, saboda ranar da aka sayar da wani abu ba da sanin maigida ba, rikodin shafin sunansa kawai zai nuna, ba za ka iya cewa ga wanda ya danna ba. Dukansu ka fara su a kallo kawai, kuma asusun da mai shi ya ambata kaɗai, kar ɗa ya buɗe ya ga har na amarya. Izinin ya zama a rubuce da sa hannu. Dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 ba ta yarda ka nuna bayanan mutum ga wani haka kawai ba, in bayanan suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da shi ma awa 72 kake da su ka sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, wato NDPC.

Hawan fitar da kuɗi kuwa ni a ganina mai dukiya ne kaɗai, sai ko wakilin da yake da takardar wakilci ta lauya. Kuɗi ya tafi asusun da ke ɗauke da sunansa da BVN ɗinsa, in an nemi canza asusu ka kira shi a lambar da ka sani tun farko, ba wadda ta zo cikin saƙon ba. In yana da hannun jari a kasuwar hannun jari ta Najeriya, wato NGX, ka sa shi a tsarin da CSCS, kamfanin da ke ajiye hannayen jari da daidaita cinikinsu, ke tura kuɗin sayarwa kai tsaye bankinsa.

Kafin ka tura wa mutum gayyatar shiga shafin ka duba yadda zai fito a wajensa, manhajoji da yawa suna da wannan maɓallin. Ka kunna tabbaci mai hawa biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida kamar lambar OTP, da kuma sanarwar shiga.

Sannan ka riƙa komawa kai, ko sau ɗaya a shekara. Akanta ya bar aiki, a cire shi ranar. Aure ya mutu, a cire. In mai asusun ya rasu a rufe wa kowa har da ɗan da ya saba shiga, wakilci ya ƙare da rasuwar, dukiya ta zama ta magada, sai an kawo takardar kotu ta wanda aka ɗora wa kula da gadon sannan a buɗe masa da sunansa.