Yadda ake haɗa kuɗi a sayi jirgin kamun kifi a Yamai ba tare da an ɓata zumunci ba

Duk shekara, da ruwan Isa, wato kogin Kwara, ya fara janyewa wajen watan Maris, sai ka ga samari biyu ko uku a bakin ruwa, ta Gamkalle ko Saga ko Gudel, suna kewaya tsohon kwale-kwale suna ƙwanƙwasa katakonsa. Sun gaji da aro, sun gaji da kai wa mai jirgi kasonsa kullum. Shekara na zagayowa ka tarar da jirgin a kife kan yashi, masu shi kuwa ko gaisuwa ba sa yi. Na sha ganin haka, ni ma ya faru da ni, shi ya sa nake wannan rubutu.

Fara da tambayar kanka wane irin kamun kifi za ka yi. In birgi (ragar jifa) kake jefawa, ko mamari (igiya mai ƙugiyoyi) da gura (tarkon kifi) kake sakawa kusa da gida, ƙaramin jirgi na filafili ya ishe ka, kuma wannan ba abin tarayya ba ne. Shiga adashe, ka daure, ka sayi naka kai kaɗai. Masuncin birgi biyu a jirgi ɗaya kullum asuba ɗaya suke so, wuri ɗaya suke so. Tarayya tana da amfani ne in babban jirgi ne mai inji, wanda za ku haura da shi Bubon ko ku gangara Kollo da Say, ko kuma aikin taru, doguwar ragar nan da dama hannu ɗaya ba ya ja. Abin da ba na so ka yi shi ne ka ce lalle sai naka kai kaɗai, sannan ka je ka karɓo cikon kuɗin wurin hajiyar da ke sayen kifinka. Ranar da ka kamo giwan ruwa ita za ta yanka farashi, kai kuwa ba ka da bakin magana. Wannan ma tarayya ce, sai dai kai ne ƙaramin abokin.

In ka tsaya a kan tarayya, kada ku wuce mutum uku. Biyu ya fi. Kuma ka nemi wanda ka taɓa kwana da shi a ruwa, ka ga halinsa ranar da raga ta fito wayam. Suruki dai a'a. Ba ka iya ce wa mahaifin matarka ko wanta "ina cinikin jiya?" Wanda ba ya shiga ruwa, ma'aikaci ko ɗan kasuwa, yana iya saka kuɗi, amma ya sani tun farko kason dukiya kawai yake da shi, ba shi da na aiki.

Duba jirgi ba sai na koya maka ba. Abu biyu kawai: ka tafi da kafintanka, kada ka dogara da na mai sayarwa, kuma ka yi tsoron tsohon jirgin da aka shafe da sabuwar kwalta, don ƙarƙashinta ruɓaɓɓen katako da tsatsar ƙusa ke ɓuya. Inji kuwa, ko Yamaha ne mai doki 15 da kowa ke yabo, kada ka yarda da ƙararsa cikin duro. A ɗaura shi, a loda mutane, a haura ruwa da shi.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Ba wajen saye ake faɗa ba, ranar nan kowa dariya yake. Wajen rabo ne. Mu da muka sayi namu, ni da wani abokina tun na ƙuruciya, kullum aka sayar da kifi sai mu cire kuɗin mai mu raba sauran biyu, kowa ya saka aljihu. Wata biyar muna jin daɗi. Da muka shiga Mayu ruwa ya ƙafe, duwatsu da tudun yashi suka fito, farfela ta daki dutse, ƙafar injin ta tafi. Makaniki ya faɗi kuɗi. Ni ina da ɗan abin da na ajiye, shi kuwa ya yi suna a gidansa satin da ya wuce. Na biya ni kaɗai, da cewa zai rama. Daga nan zancen ya koma "ai kai ke tuƙi ranar", ni ma na tono ragar da ya bari dorina ta yayyaga. Jirgin bai kai damina a hannunmu ba.

Abin da ya kamata mu yi shi ne mu ɗauki jirgin kamar mutum ne mai cin abinci. Ciniki ya shigo, a fara cire na esansi da baƙin man da ake gaurayawa. Lita ɗaya yau kusan dala ɗari ce, wato sefa 500, ba abin rainawa ba. Abin da ya rage a kasa uku: kaso ɗaya na jirgi, ɗaya na waɗanda suka shiga ruwa ranar, ɗaya na masu dukiya. A ce bayan mai an samu jika 15, wato sefa 15,000. Jika 5 ta jirgi ce, ba ta kowa ba. Jika 5 ta masu aiki, ko da ɗan hayar da kuka ɗauka yana ciki. Jika 5 ta ƙarshe ita ake rabawa gwargwadon abin da kowa ya zuba ranar saye. Wanda ya kwanta gida bai fita ba yana da na dukiyarsa, ba shi da na gumi. Wasu sun fi son rabi da rabi, ni dai uku na sani, kuma ban ga wanda ya yi nadamarsa ba.

Kason jirgin nan kada ya kwana a aljihun ɗayanku, ko da liman ne. Ku ba wani dattijo a bakin ruwa, ko ku saka a asusun waya wanda ba a cirewa sai kuna tare. Kuma ba a aronsa. Suna, biki, ragon layya, duk ba ruwan jirgi. Dalili kuwa Isa ba ta ciyarwa daidai duk shekara. Jan ruwan Agusta da Satumba, wanda kogunan Sirba da Dargol da Gorouol ke kwararowa, yana zuwa da laka da itace yana cin raga. Ruwan da ke gangarowa daga Gine lokacin sanyi yakan cika kogi har kifi ya bazu cikin ciyawa. Sai rani, inji na shan duka. Dattawa har yau suna zancen 1985 da ruwan ya tsaya cak a Yamai, mu kuma mun ga 2020 da ya fasa shinge ya shiga unguwar Lamorde. Jirgin da ba shi da ajiya ba ya tsallake irin waɗannan.

Ku kuma bambanta lalacewa iri biyu tun kafin ta zo. Tsufan katako, filogi, kwalta, ɓarnar dorina ko dutsen da ba a gani, na jirgi ne. Amma wanda ya ba ƙaninsa aro ba da sanin ɗan'uwansa ba, ko ya manta bai zuba baƙin mai ba injin ya ƙone, ko ya je dakon mutanen kasuwar Laraba ta Bubon don aljihunsa, wannan daga jikinsa zai biya.

Sai a rubuta. Kunya ce ke hana mutane, wai "ai mu 'yan'uwa ne". Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, to kunyar me? Takarda ɗaya, shaidu biyu, sarkin ruwan wurinku ya sani. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, riba da asara suna bin gwargwadon jarin kowa ne, don haka a rubuta adadin da kowa ya kawo. A kuma rubuta fita: mai son janyewa ya ba da sanarwar wata biyu, kafinta da makaniki su yi wa kaya kuɗi, a fara tallata wa abokin tarayya kafin bare. Wannan sai kun rubuta da kanku, don haƙƙin shuf'a, wato fifikon abokin tarayya wajen sayen kason ɗan'uwansa, a gida da gona yake aiki, bai shafi jirgi ba. Haka in ɗaya ya rasu, a faɗi ko magada za su shigo ko za a biya su.

Sauran ƙanana ne. Takardar izinin kamun kifi a karɓo wurin ma'aikatan gandun daji, kuɗinta daga kason jirgi, kuma ku guji raga mai ƙananan ido don kada a ƙwace. Rasidin inji ya ɗauki sunayenku duka. Jirgi a sa masa sarƙa da kwaɗo biyu in kun ga dama, inji kuwa ba ya kwana a bakin ruwa; a kwance shi kullum, ya kwana gidan wanda zai fita da asuba.