Yadda patron zai sauke kai har yaransa su saki jiki da shi

Kai da Allah ya ɗora ka kan mutane, ko gareji ne a Garwa ko shagon ɗinki a Marwa ko biro, wato ofis, a Ngaundare, ka fara da gaisuwa. Kar ka jira a zo a durƙusa maka, kai ka riga su cewa ina kwana, ya gida, ya jikin Inna, kuma har maigadi da mai shara ka san sunansu.

Sai tambaya, nan ne aikin yake. In za a canza tsarin aiki ko an kawo sabon inji, taka ka je wurin tsohon makanikin nan da ya tsufa yana shan zafin Afrilu a ƙarƙashin kamyo ka ce Baba, kai me ka gani? Ka tsaya ya gama magana, ba kana ji kana latsa waya ba. Don wallahi yaron da ke tsoron patron ba ya faɗin gaskiya, zai ji inji na wata ƙara ya yi gum, zai ga kuɗin kes, wato akwatin ajiyar ciniki, bai cika ba ya rufe har sai abu ya lalace, amma in ya san ba za a ci mutuncinsa ba da sassafe zai zo ya ce patron akwai matsala fa, lokacin gyaran bai kai ya kawo ba.

In ya yi kuskure ja shi gefe, kar a gaban kiliya, wato masu kawo aiki, ko ƙananan yaran da yake koya wa aiki. In aiki ya yi kyau ka faɗi sunan wanda ya yi. Ranar da kaya suka yi yawa ka naɗe hannun riga ka sa hannu, Annabi (SAW) ma da kansa ya kwashi ƙasa tare da sahabbai a haƙan Khandaƙ shekara ta 5 bayan Hijira, to wane ne ni wane ne kai.

Kuma tawali'u ba sakaci ba ne, mai latti kullum a faɗa masa a fili. Sai dai kai ma ka riƙe naka, dokar aiki ta Kamaru ta 1992 awa 40 ta yanka a sati in ba harkar noma ba, wanda ka tsayar ya wuce haka ka biya shi. Ƙarshen wata kar ka bari magidanci ya yi ta zarya ƙofar biro yana roƙon guminsa, kira shi da kanka ka miƙa masa, in kuma za a makara ka sanar da su tun da wuri da bakinka.